Tabarma a Zaure: Tarihin Saukar da Marar Masauki a Zangunan Akra

Gabatarwa

Ɗalibin da ya buɗe ƙamus yana neman tsohuwar kalma guda ta Hausa mai nufin mutumin da ba shi da wurin kwana zai sha wahala. Abin da zai tarar ƙirƙira ce ta baya-bayan nan, irin ta gidajen rediyo da jaridu, wato marar matsuguni, ko marar muhalli, ko mai kwanan titi. Tsofaffin kalmomin kuwa kowace da abin da take kallo. Almajiri karatu ne ya raba shi da gida. Ɗan ci-rani neman abin sawa a baka ne. Musaki lalurar jiki ce ta same shi. Marar galihu shi ne wanda ba shi da mai tsaya masa, ko da kuwa yana da ɗaki da ƙyaure. Ba wai a da kowa yana da ɗakin kwana ba ne. Abin da ya faru shi ne, Bahaushe ya sa irin wannan mutum a rukunin baƙo, baƙo kuwa mutum ne da bai sauka ba tukuna. Shi ya sa tambayar da ake yi masa ita ce "A ina ka sauka?" ko "Wane ne mai masaukinka?" Tambayar da kanta ta riga ta ɗauka cewa akwai wanda nauyin saukar da shi yake kansa.

Wannan takarda za ta bi tarihin wannan tunani a zangunan birnin Akra na ƙasar Gana, birnin da tsofaffin fatake suke kira Ankara, musamman Sabon Zango da Nima da Maamobi. Abin da nake so in nuna shi ne, ƙananan abubuwan alherin da ake yi wa marar wurin kwana a waɗannan unguwanni, kamar tabarma da buta da kofin koko da ajiyar kaya, ragowar wani tsari ne da ya taso tare da fataucin goro. Tsarin yana da ƙa'idojinsa, yana da waɗanda yake amfana, yana kuma da waɗanda yake bari a waje.

Zango, mai gida da baƙonsa

Kalmar zango ta fatake ce. Ayari ya taso da asuba ya yi ta tafiya, idan rana ta take sai madugu ya sa a sauke kaya. Wurin da aka sauka shi ne zango, daga nan aka sami "ya da zango" da "cin zango". Mutanen Gana suna furta ta zongo, kuma a wurinsu ta koma sunan unguwar da baƙi daga arewa suke zaune, Hausawa ne ko Mosi ko Zabarmawa ko Dagomba ko Kotokoli ko Fulani ko Yarbawa, muddin dai Hausa ce harshen da ya haɗa su a kasuwa da bakin masallaci.

A ƙarni na 19 babbar matattarar fataken Kano da Katsina da Sakkwato a wannan yanki ita ce Salaga ta ƙasar Gwanja, inda goron dazukan Ashanti yake haɗuwa da kanwa da turkuɗi da fatu da dabbobi daga ƙasar Hausa. Tafiyar watanni ce. Falken da ya iso ba shi da gida, ba ya jin harshen gari, ba wanda zai ba shi bashi. A nan mai gida yake shigowa. Shi ne zai sauke shi, matansa su dafa masa abinci, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa idan ciniki ya zama rigima. Abin da mai gida yake samu shi ne la'ada daga cinikin da aka ƙulla ta hannunsa. Polly Hill ta bayyana irin wannan tsari a kasuwar shanu ta Kumasi a 1966, Abner Cohen kuma ya bayyana shi a Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969.

Kada ɗalibi ya ɗauka cewa wannan tsari tausayi ne zalla. Ciniki ne, kuma cikin hajar da ake saye da sayarwa a Salaga har da bayi, waɗanda ba wanda yake tambayar su inda suka sauka. Sai dai gidan da tukunyarsa take dahuwa kullum saboda falke mai jari, ba falken kaɗai yake ci daga cikinta ba. Ɗan alaron da ya ɗauko kaya yana ci. Malami matafiyi yana ci. Mai niyyar hajji da ƙafa, wanda yake tsayawa gari-gari yana neman guzuri, yana ci. Wanda jarinsa ya karye a hanya ya rasa kuɗin komawa gida, shi ma yana ci, ya kwana a zaure. Mai gidan da aka ji labarin ya kori baƙo daga zaurensa ya zubar da sunansa, a wannan sana'a kuwa suna shi ne jari. Ga kuma addini ya ƙarfafa abin: aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa matafiyin da guzuri ya yanke wa cikin rukunoni takwas masu cin zakka, hadisi ya sa liyafar baƙo kwana uku, kowane ɗan makarantar allo kuma ya ji labarin Ahlus Suffa, talakawan sahabbai masu kwana a gefen masallacin Madina. A ganina abin da ya sa al'adar ta daɗe ke nan, riba da lada da kunya duk sun ja ta zuwa wuri guda.

Bayan da Ingila ta ci Kumasi da yaƙi a 1874, ikon Ashanti a kan hanyoyin arewa ya yi rauni, kasuwar Salaga ta fara ja da baya. Yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa watsa ta. Fatake da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Kintampo da Yeji, daga baya Kumasi da garuruwan bakin teku. Ke nan waɗanda suka cika zangunan kudu mutane ne da su kansu suka ɗanɗana rasa gida. Cikin malaman da wannan tarwatsewa ta shafa akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya zama limamin Kete-Krachi ya kuma rasu a can a 1934. Yana da doguwar waƙar Hausa a kan talauci da wadata, wadda Stanislaw Pilaszewicz na Jami'ar Warso ya buga a 1974. Jigonta shi ne yadda jama'a suke wulaƙanta matalauci suna girmama mawadaci. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa zangon jiya ba aljanna ba ne ga wanda ba shi da ko anini.

Sabon Zango da Nima

Akra ta zama hedikwatar mulkin mallaka a 1877. Kafin nan ma akwai Musulmi a garin, ciki har da sojojin da ake kira Hausawan Glover, waɗanda aka kawo daga Legas don yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874. Wajen 1881 wani malami Bakatsine, Malam Idrisu Naino, ya sami fili daga sarakunan ƙabilar Ga masu garin, wurin da aka riƙa kira Zangon Malam, a tsakiyar birnin yanzu. Da wurin ya cika, rigingimun shugabanci kuma suka yi yawa tsakanin Hausawa da Yarbawa da sauran Musulmi, sai ɗansa Malam Baƙo ya nemi wani fili a yamma da tafkin Korle, ya kafa Sabon Zango wajen 1910. Sunansa ma ya dace da aikinsa. Deborah Pellow, wadda ta yi shekaru tana nazarin unguwar ta kuma fitar da littafi a kanta a 2002, ta nuna cewa ƙashin bayan zaman wurin shi ne dangantakar mai gida da wanda ya sauka a gidansa. Malam Baƙo yana yanka wa mutum fili ya gina, wannan kuma ya sauke na bayansa.

Sabon Zango ta daɗe da zama masaukin makafi da guragu da sauran musakai masu zuwa daga arewa. Wannan ma gado ne daga ƙasar Hausa, inda makafi suke da unguwarsu da sarkinsu, kamar yadda aka sani a Kano. Cohen ya tarar da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare a Sabo ta Ibadan. Mai karatu na iya ƙyamar tsarin da ya mai da bara sana'a, ni ma ina da ja a kansa. Amma a lura da abin da yake ba mutum: makahon da ya sauka daga mota a garin da bai sani ba yana da ƙofar da zai nufa, da shugaban da zai kai wa ƙara, da waɗanda za su san ya kwana ko bai kwana ba.

Nima ƙanwa ce a kan Sabon Zango. A 1931 wani Bafillace mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, ya sami izinin zama a filin daga iyalin Odoi Kwao na Osu. Da farko makiyaya ce ta shanun da ake kawowa daga arewa kafin a kai su mahauta. Wasu suna cewa sunan daga ni'ima ne, Ga kuma suna cewa daga harshensu ne, ma'ana garin sarki. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya cika ta, domin tana kusa da barikokin soja da filin jirgin sama da unguwannin Turawa, inda ake neman kuku da boyi da mai gadi da lebura. Bayan 1945 sojojin da aka sallama suka ƙaru a kai, Maamobi ta tsiro a gefenta. Har farkon shekarun 1950 Nima tana wajen iyakar hukumar birni, saboda haka aka gina ta ba tsarin titi, ba magudanar ruwa, ba isassun makewayi. Wanda ya ga fim ɗin Jaguar na Jean Rouch, wanda aka ɗauka a 1954, ya ga irin samarin da suke tahowa daga Nijar da ƙafa a wannan zamani, wani ya zama ɗan dako a tashar jirgin ruwa, wani ɗan tireda.

A Nima ne Keith Hart ya zauna daga 1965 zuwa 1968 yana nazarin 'yan ƙabilar Frafra da suka zo daga arewa maso gabashin Gana. Daga wannan bincike ya fito da ra'ayin tattalin arzikin da ba ya cikin rajistar hukuma, a maƙalarsa ta 1973, ra'ayin da yanzu ya game duniya. Abin da ya shafe mu a aikinsa shi ne, sabon zuwa ba ya fara da aiki, da masauki yake farawa. Ɗan garinsu ne zai ba shi gefen tabarma da abinci har ya sami abin yi, shi ma wata rana ya yi wa wani. Frafra yawancinsu ba Musulmi ba ne a lokacin, abin da yake nuna cewa al'adar ta zama ta zango gaba ɗaya.

Abin da ake bayarwa

Yanzu bari mu dubi abubuwan da kansu, domin a nan ne ɗalibin harshe zai fi ƙaruwa.

Na farko wurin kwanciya ne. Zaure a gidan Bahaushe ɗaki ne da yake cikin gida amma ba cikin gida ba. Baƙo namiji yana iya kwana a nan ba tare da ya keta sirrin matan gida ba, mai gida kuma bai takura kowa ba. Inda babu zaure, barandar masallaci ce take maye gurbinsa, kuma zangunan Akra cike suke da ƙananan masallatai na lungu. Ladan ko wani dattijon unguwa shi yake sanin wanda yake kwana a nan. Wanda aka bari ya kwana yakan share masallaci, ya cika butoci kafin asuba, ya naɗe tabarmi. Ba a kiran wannan biya, amma yana fitar da mutum daga matsayin wanda ake yi wa zuwa matsayin wanda shi ma yake yi. Haka mai shago da ya bar wani ya kwana a bakin shagonsa, ya sami mai gadi ba albashi, wancan ya sami rumfa. Akwai cin moriya a ciki, ba shakka, kuma wani lokaci cin moriyar yana rinjayar alherin.

Na biyu ruwa ne. A unguwar da ake biyan kuɗi kafin a shiga gidan wanka ko makewayi, buta cike da ruwa a bakin masallaci ba ƙaramin abu ba ce. Wanda ya wanke fuska da ƙafafu ya shiga sahu, kafaɗarsa tana gugar ta alhajin da yake da gidaje, kuma na tsawon raka'o'in nan ba wanda zai ce masa matsa.

Na uku abinci. Ko'ina a Akra an san kokon Hausa da ƙosai da masa da tuwon zafi da waakye, wanda sunansa ma daga wake ne, wato shinkafa da wake. Matan zango ne suka riƙe wannan sana'a, kuma ta hannunsu sadaka mai yawa take bi. Mutum yakan biya wa mai koko kuɗin kofi kaza ya ce a ba mabuƙata, ya wuce abinsa. Wanda ya sha bai san wanda ya biya ba. Ranar Juma'a da watan azumi da ranakun suna da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, abinci yana fita daga gidaje. A nan ya kamata a bambance kyauta da sadaka. Kyauta tana jawo godiya da tukwici, tana ƙulla zumunci tsakanin mutum biyu. Sadaka kuwa amsarta ita ce "Allah ya karɓa", domin a tunanin mai bayarwa ba wanda ya miƙo hannu ne ainihin mai karɓa ba. Wannan yana sauke wa talaka nauyin jin an yi masa gori. Amma yana da ɗaya fuskar. Wanda malaminsa ya umarta ya fitar da sadakar ƙosai ko farin ƙyalle don biyan wata buƙata, yana iya miƙa wa mabaraci ta tagar mota ko fuskarsa bai kalla ba. Holger Weiss ya tattauna irin wannan a littafinsa na 2007 kan bara da sadaka a Gana. Ciki ya samu, mutunci bai samu ba.

Shi ya sa nake ganin abu na huɗu ya fi sauran nauyi, ko da yake ba ya cin ko kwabo, wato magana. Hausawa suna cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Dattijon da yake kwana a baranda ana ce masa Baba ko Malam, tsohuwa Iya ko Hajiya, saurayi ɗan'uwa. Ana gaishe shi da "Ina kwana?" a jira ya amsa, ko da kowa ya san a kan kwali ya kwana. Idan ya roƙa ba a da abin ba shi, ba a yin shiru a wuce, sai a ce "Allah ya ba da haƙuri" ko "Allah ya kawo". Wanda ya zauna a manyan biranen Turai ya san akwai gidajen kwana na hukuma masu gado da bargo da ruwan zafi, waɗanda zango ba ta da kamarsu, ya kuma san mutum yana iya wuni a bakin tashar jirgin ƙasa dubban mutane su wuce shi ba wanda ya ce masa uffan. Kowane tsari da inda yake yoyo. A laccar da Anthony Kirk-Greene ya buga a 1974 kan mutumin kirki, cikin halayen da ya lissafa akwai karamci da mutunci da kunya, kuma ma'anar mutunci a wurin Bahaushe ta haɗa da kiyaye na wani, shi ya sa muke da "cin mutunci".

Sai amana. Marar ɗaki ba shi da inda zai ajiye komai. Mai shayi ko mai tireda ko tela yakan riƙe masa ƙunshin kayansa da 'yan kuɗinsa. A da shagon ne adireshin da wasiƙa daga gida take zuwa, yanzu kuma nan yake sa cajin waya. Wannan shi ne aikin mai gidan Salaga, ya ƙanƙance ya koma aljihun tebur.

Na ƙarshe jana'iza. Idan baƙo Musulmi ya mutu a zango, sarkin ƙabilarsu ko limamin lungu yakan sa a yi karo-karo a sayi likkafani, a yi masa wanka da salla a kai shi maƙabarta, domin farilla ce da take kan jama'a duka har sai wasu sun sauke ta. Muhimmancin wannan yana fitowa idan aka tuna cewa Asibitin 'Yan Sanda na Akra yakan ba da sanarwa lokaci-lokaci cewa zai binne gawarwakin da ba a zo nema ba a kabari guda.

Shekarar 1969 da bayanta

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutane fiye da dubu ɗari suka fita, Yarbawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosi, ciki har da waɗanda a Gana aka haife su, ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. Masu gidajen da suka yi shekaru suna saukar da wasu suka sayar da gidajensu da araha, ko suka bar su amana a hannun maƙwabta, suka kwana a tasha da bakin iyaka. Kalmar baƙo, wadda a Hausa take jawo haƙƙi, a takardar hukuma ta zama laifi. A wannan shekara ce kuma, kafin Busia ya hau, gwamnatin soja ta kafa dokar mabarata da gajiyayyu, wadda ta haramta bara, ko da yake ta keɓe karɓar sadaka bisa al'adar addini.

A Janairu 1983 Nijeriya ta rama, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi, 'yan Gana kusan miliyan guda suka dawo gida a shekarar da fari da gobarar daji da yunwa suka haɗu wa ƙasar. An tara da yawa daga cikinsu a filin baje koli na Akra, amma ba su daɗe a can ba, dangi da garuruwansu suka shanye su.

Abin da ya fi waɗannan korar biyu illa ga tabarmar zaure bai zo da sanarwa ba. Haya ce. Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin fiye da wata shida a gaba, amma a Akra abin da aka saba shi ne a nemi na shekara ɗaya ko biyu. Nima da Maamobi kuwa, waɗanda a da suke bayan gari, yanzu suna tsakiyar birni, kewaye da Kanda da unguwannin masu hali. Gidan da mutum ɗaya ya gina ya zama na magada da yawa, kowa yana jiran rabonsa. A irin wannan hali zaure ɗaki ne da ake asarar kuɗinsa. Sai a toshe shi a sa ɗan haya, ko a fasa bangonsa ta waje ya zama shago. Ba na zargin magadan, yawancinsu su ma talakawa ne. Amma sakamakon shi ne, niyyar saukar da baƙo tana nan, wurin saukar da shi ya tafi.

Waɗanda zaure bai taɓa ɗauka ba

Duk abin da aka faɗa a baya game da zaure da barandar masallaci, na maza ne. An gina tsarin ne a kan falke, falke kuwa namiji ne. Mace baƙuwa cikin gida ake shigar da ita wurin matan gida, kuma hakan yana buƙatar a san ko 'yar wace ce.

Wannan giɓi ya fito fili da zuwan 'yan matan da ake kira kayayei, tilo kayayoo. Kalmar haɗin gambiza ce, kaya daga Hausa, yoo kuma mace ke nan a harshen Ga. A zamanin Rouch dako aikin maza ne 'yan Nijar da Mali, ana ce musu kayakaya. Korar 1969 ta rage su, daga shekarun 1980 kuma 'yan mata daga ƙasashen Dagomba da Mamprusi da maƙwabtansu suka riƙa tahowa, yaƙin ƙabilanci na 1994 a arewacin Gana ya ƙara yawansu. Suna ɗaukar kaya a babban kwano a kasuwannin Makola da Agbogbloshie da Malam Atta. Wasu suna haɗa kuɗi su kama ɗakin katako su cunkusu a ciki a Tsohuwar Fadama, wasu suna kwana a bakin shaguna da tasha, da goyo a bayansu, cikin sauro da ruwan sama da barazanar fyaɗe. Yawancinsu Musulmi ne, amma ba 'yan zango ba ne a tsohuwar ma'ana, da yawa ma ba sa jin Hausa sosai, ba su kuma da mai gida. Alherin da yake iso musu yakan fito ne daga matan kasuwa: wadda za ta riƙe wa yarinya jariri ta je ta dawo, wadda za ta ajiye mata kwano da dare, wadda za ta ce kullum ita ce mai ɗaukar mata kaya don ta san tana da abin dogaro. A tsakaninsu kuma suna da adashi da shugabanni na garuruwansu.

Shekarun baya-bayan nan sun gwada wannan duka. Ranar 3 ga Yuni 2015 ambaliya da gobarar gidan mai a dandalin Kwame Nkrumah suka kashe mutum fiye da 150, da yawa cikinsu masu fakewa ne daga ruwan sama. Kafin watan ya ƙare hukumar birni ta rushe wani ɓangare na Tsohuwar Fadama don buɗe hanyar ruwa, dubbai suka wayi gari a fili. A Maris 2020, saboda annobar korona, aka rufe masallatai, aka kuma kulle Akra da Kumasi na mako uku daga ranar 30 ga wata. Umarnin shi ne kowa ya zauna a gida. A Ejisu aka tare manyan motocin kaya, aka tarar da kayayei a ɓoye a ciki suna neman komawa Walewale. Hukuma ta yi nata ƙoƙarin a wasu lokuta. Ta soke harajin kasuwa da ake karɓa daga kayayei a 2017, ta kafa asusun raya zanguna a wannan shekara, a 2024 kuma ta buɗe musu gidajen kwana da koyon sana'a a Madina da Ashaiman, waɗanda ba za su ɗauki ko kaɗan daga yawansu ba.

Akwai kuma rukunin da ya fi kowanne raba kan mutanen zango, wato iyalai daga Nijar, mata da ƙananan yara, masu bara a mahaɗar tituna da rana, da dare su kwana a gefen Sabon Zango da Nima da Abossey Okai. Wasu suna ganin su baƙi ne kamar kakannin kowa a unguwar, harshensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya. Wasu suna cewa akwai masu kawo yaran don su ci da guminsu, kuma duk kwabon da aka miƙa wa yaro a kan titi yana ƙara nisanta shi da makaranta. Duka maganganun biyu suna da ƙamshin gaskiya, tsohon tsarin mai gida da baƙonsa kuma ba shi da amsa a kan yaron da uwarsa ce take tura shi tsakanin motoci. A 2022 an kwashe fiye da dubu ɗaya aka mai da su Nijar. Da asubahin 16 ga Mayu 2025 jami'an shige da fice suka sake yin samame a waɗannan wurare, suka kama mutum fiye da dubu biyu, mafi yawansu 'yan Nijar, fiye da rabinsu kuma yara ne.